Tsautsayi da Lamba: Yadda Asibiti Ke Rubuta Raunin Bindigar Iska



1. Gabatarwa

Na san akwai waɗanda suka ga kan wannan lacca a allon sanarwa suka ce a ransu, me ya haɗa malamin Hausa da aikin asibiti, balle har da bindiga? Tambayar tana kan hanya, saboda haka da amsarta zan fara.

A shekara ta 2016, ina gab da kammala karatun digiri na uku a Amurka, nakan yi wa wani asibiti aikin tafinta idan an kawo mai jin Hausa wanda Turancinsa bai nuna ba. Wata ranar Asabar da la'asar aka kira ni. Na tarar da wani magidanci da ɗansa mai shekara tara, an rufe wa yaron idon dama da auduga. Wata 'yar ƙwayar ƙarfe ce, ba ta kai ƙwayar masara girma ba, ta fito daga bindigar iska ta shige cikin idon. Likita ya tambayi yadda aka yi. Uban ya dube ni ya ce, "Malam, gaya masa tsautsayi ne. Yara ne suna wasa a bayan gida." Ni kuwa ban yi wata-wata ba, na ɗauko kalmar Turanci da muka saba fassara haɗari da ita na miƙa wa likita, ya rubuta.

Bayan kwana biyar na je duba yaron a gida. A nan na ji abin da ya gaya wa mahaifiyarsa: wani yaro ne da ya girme shi ya auna shi da bindigar, ya ce ya ruga, da ya waiwayo sai ya ji abu a ido. Na ce wa uban, "Alhaji, ai wannan ba ita ce maganar da muka gaya wa likita ba." Ya ce, "Malam, maƙwabta ne. Ido ya riga ya tafi, kada zumunci ya bi shi." Idon bai sake gani ba. Takardar kuwa ta riga ta wuce ofishin ajiye bayanai, an sa mata lamba, lambar nan ta shiga lissafin ƙasa a matsayin haɗari.

Abin da nake so in nuna yau shi ne, kowace lamba da asibiti ke sa wa rauni kalma ce ta haife ta, kuma lambar ba za ta fi kalmar gaskiya ba. Zan fara da ita bindigar, sa'an nan tarihin kundin da ake ɗauko lambobin, sa'an nan yadda ake sa su, kāna in komo fagen da na fi sani, watau harshe.

2. Bindigar da ba ta cin albarushi

Kalmomin da muke amfani da su a wannan fanni aro ne daga Larabci. Albarushi da harsashi duka can suka fito, shi harsashi ma asalin ma'anarsa dalma. Bindiga kuwa ta samo sunanta ne daga wani ɗan itace ƙarami kewayayye wanda Larabawa suka kamanta ƙwayar harbi da shi. Ashe tun asali ƙwayar aka duba aka raɗa sunan, ba wutar ba. Wannan ya dace da abin da muke magana a kai, domin bindigar iska ba ta da wuta, amma tana da ƙwaya.

Iri uku ne manya. Akwai mai sifirin: idan an ɗana ta sai sifirin ya takure, in an ja kunama ya saki, ya ingiza wani murfi cikin bututu, murfin ya matse iska, iskar ta fitar da ƙwaya. Akwai wadda ake yi wa famfo da hannu, gwargwadon yawan famfon gwargwadon ƙarfin harbin. Akwai kuma mai 'yar tukunyar gas. Ƙwayoyin su ma iri-iri ne: ta ƙarfe kewayayya mai faɗin milimita 4.5 wadda ake kira BB, da ta dalma, da ta roba mai faɗin milimita 6, da kuma ƙwallon fenti na wasan yaƙi. Ta ƙarfen tana da wani mugun hali, in ta bugi bango ko dutse takan dawo da ƙarfinta, ba ta lotsewa kamar dalma.

Kada ƙanƙantar ƙwayar ta ruɗe mu. Rundunar sojan Ostiriya ta yi yaƙi da bindigar iska a ƙarshen ƙarni na 18, kuma ayarin Lewis da Clark da ya ratsa yammacin Amurka daga 1804 zuwa 1806 ya riƙe irinta. Komawarta abin wasan yara ya faru ne daga baya, a jihar Mishigan, inda wani kamfani mai ƙera injin jawo ruwa ya riƙa ba manoma kyautar bindigar iska in sun sayi injinsa. Da kyautar ta fi hajar farin jini, sai kamfanin ya koma ƙera bindigar, ya ɗauki sunan Daisy a 1895. Tun daga nan ta zama abin da uba ke saya wa ɗansa.

Dokokin ƙasashe sun sha bamban a kanta. Dokar tarayyar Amurka ba ta lissafa ta cikin bindigogi, gama a wurinta bindiga sai wadda ke harbi da abu mai fashewa. A Ingila sai doguwar bindigar iska ta wuce ƙarfin kimanin jul 16 ake neman takardar izini, a Jamus iyakar jul 7.5 ce, Sikotlan kuwa ta wajabta lasisi tun ƙarshen shekarar 2016. Ga shi nan tun ba a je asibiti ba an fara saɓani a kan suna.

Raunin da take yi mayaudari ne. Ƙofar ciwon 'yar mitsitsiya ce, jini kaɗan ne, yaro yana iya tafiya da ƙafarsa, alhali ƙwayar ta shige ido, ko ta ratsa ƙashin gefen kai inda yake da taushi ga yara, ko ta kai ga huhu. Hukumar kula da ingancin kayan masarufi ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wadda gudun ƙwayarta ya wuce ƙafa 350 a sakan ɗaya tana iya kisa, ta kuma ce takan sami rahoton mutuwar kimanin mutum 4 a shekara.

3. Asalin kundin

Ƙidayar abin da ke kashe mutane ta daɗe. A Landan, tun kafin a san ƙwayar cuta, akan buga takardar mako-mako ta waɗanda suka mutu da abin da ya kashe su. Waɗansu tsofaffin mata ne ake aikawa su duba gawa su faɗi sanadi. A 1662 wani ɗan kasuwa mai suna John Graunt ya tattara takardun nan na shekaru ya yi nazarinsu. Cikin abubuwan da ya lura da su akwai ƙarancin waɗanda aka rubuta cewa tunjere ne ya kashe su. Ya yi zargin cewa dangi ne ke ba matan nan ɗan abin hasafi su rubuta wata cuta dabam wadda ba ta da abin kunya. Jama'a, ku riƙe wannan, domin matsalar da Graunt ya gani shekara fiye da 350 da suka wuce ita ce na gani da idona a 2016.

Bayansa sai William Farr, wanda ya kama aiki a ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na Ingila a 1839, ya dage a kan cewa tilas kowace cuta ta kasance da suna ɗaya tak, in ba haka ba ƙidaya ba ta da amfani. A taron masana ƙididdiga na Faris a 1855 ya kawo tsari mai rukuni biyar, ɗaya daga ciki na mutuwar da ta zo ta hanyar rauni. A 1893, a birnin Shikago, aka amince da jerin da Jacques Bertillon na Faransa ya shirya, aka kuma riƙa yi masa gyara kusan duk shekara goma.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi aikin a 1948, a gyara na shida. Abubuwa biyu na wannan gyara sun shafe mu. Na farko, kundin ya haɗa har da cututtuka da raunukan da ba su kai ga mutuwa ba. Na biyu, an ba da hanya biyu ta duban rauni: ta fuskar abin da ya sami jiki, da ta fuskar abin da ya jawo shi. Wannan kundi shi ake taƙaita sunansa da haruffan ICD. An amince da gyara na goma a 1990, na goma sha ɗaya kuwa a 2019, ya fara aiki a watan Janairu na 2022, ƙasashe suna komawa kansa sannu a hankali.

Amurka ta ɗauki gyara na goma ta faɗaɗa shi don amfanin asibitocinta, ta fara aiki da shi ran 1 ga Oktoba, 2015. Lambobin da ke ciki sun kai kimanin 70,000, alhali wanda ya gabace shi yana da wajen 14,000. Da wannan faɗaɗɗen kundi aka rubuta raunin yaron da na ba ku labari, saboda haka da shi zan yi misali.

4. Yadda ake sa lamba

Ba likita ne ke sa lamba ba. Likita rubutu yake yi. Akwai ma'aikaci na musamman a ofishin ajiye bayanai wanda bai ga majiyyaci ba, ba zai kuma gan shi ba. Takarda kawai yake karantawa ya mai da kalmomi lambobi. Ƙa'idar aikinsa ita ce, abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Ba shi da izinin yin kirdado.

Tambayoyi yake bi ɗaya bayan ɗaya. Ta farko, me ya sami jiki? Amsarta tana babi na 19. Raunin da ya huda ƙwayar ido, abin da ya huda kuma yana ciki, lambarsa S05.5. In idon dama ne a ƙara 1, in na hagu ne a ƙara 2. Ta yaron nan ta zama S05.51XA. Harafin X cike gurbi ne kurum. Harafin ƙarshe shi ke nuna matakin jinya: A tana nufin ana cikin ainihin magani, D ana bibiya lokacin warkewa, S kuwa larurar da raunin ya bari, kamar makanta.

Tambaya ta biyu, me ya jawo? Amsarta tana babi na 20. Ga waɗanda suka shafi batunmu, idan ba da niyya aka yi ba:

W34.010, tashin bindigar iska, har da mai ƙwayar BB da mai ƙwayar dalma.
W34.011, tashin bindigar ƙwallon fenti.
W34.018, tashin wata bindiga dabam mai aiki da gas, ko iska, ko sifirin.
W34.110, W34.111 da W34.118, su ne takwarorinsu idan bindigar ce ta sami matsala, alal misali tukunyar gas ta fashe ko wani ƙarfe ya ɓalle ya ji wa mai riƙe da ita.

Ku lura da bambancin rukunin nan biyu. Na farko yana nuni ga hannun da ya riƙe, na biyu yana nuni ga maƙerin da ya ƙera. In lambobin rukuni na biyu suka yawaita, kamfani za a tuhuma. In na farko ne, tarbiyya da doka za a duba. Bayan wannan akwai lambar wuri, wadda ke farawa da Y92, har ma filin bayan gida yana da tasa, da lambar abin da mutum ke yi sa'ad da abin ya faru, wadda ke farawa da Y93.

Ga inda kalma ke fara aiki. Idan likita ya rubuta "harbin bindiga" ya tsaya nan, bai faɗi iri ba, ma'aikacin zai sa W34.00, watau bindigar da ba a fayyace ba, raunin ya tafi cikin lissafin bindigogi masu albarushi. Daɗin daɗawa, shi kundin Hukumar Lafiya ta Duniya na gyara na goma bai ware wa bindigar iska ɗaki ba. Ya zuba ta cikin W34 tare da sauran bindigogin da ba a fayyace ba. Ƙasar da ke aiki da shi yadda yake ba za ta iya cewa ga yawan yaran da bindigar iska ta ji wa ba, ko da kuwa likitocinta sun rubuta daidai. Abin da ba shi da suna a kundi ba ya fitowa a lissafi.

Wani zai ce, duk wannan wahala don me? Don rigakafi. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana a 1995 cewa kimanin mutum 30,000 ake kaiwa sashen gaggawa kowace shekara saboda irin waɗannan bindigogi, kashi 81 cikin ɗari kuwa ba su wuce shekara 19 ba. Wani nazari da aka buga a 2019 ya ƙiyasta cewa daga 1990 zuwa 2016 yara kimanin 364,000 aka yi wa magani, kashi 87 cikin ɗari maza. Ya nuna yawan raunukan ya ragu da kusan rabi, amma raunin ido ya ƙaru da kimanin kashi 30 cikin ɗari. Waɗannan alƙaluma sun fito ne daga wani tsarin sa ido da ke tattara bayanai daga zaɓaɓɓun asibitoci, shi ma kuma abin da aka rubuta a takarda yake karantawa. Da ba a rarrabe ido da sauran jiki ba, da sai a ce an ci nasara a naɗe tabarma. Rarrabewar ce ta nuna cewa maganar tabarau na kariya ita ce ba a gama ba.

5. Niyya

Yanzu mun iso tsakiyar magana. Ƙwaya ɗaya, ido ɗaya, amma kundin yana da ƙofa huɗu gwargwadon niyya. In ba da niyya ba ne, W34.010. In wani ne ya kai hari, X95.01. In mutum ne ya nufi cutar da kansa, X74.01. In an bincika an kasa gane niyyar, Y24.0.

To, idan takarda ba ta ce kome ba game da niyya fa? Ƙa'idar Amurka ta ce a rubuta haɗari. Ƙofa ta huɗu ba a shigarta sai likita ya rubuta a fili cewa ba a iya tantancewa ba. Ma'ana, shiru haɗari ne. Duk uban da ya rufa wa maƙwabci asiri, duk yaron da ya ji tsoron faɗa, duk likitan da aiki ya yi wa yawa, duk tafintan da ya yi gaggawa irina, ƙofa ɗaya suke tura takarda.

Wannan ba zato ba ne. Wani bincike da aka buga a 2022 ya sake karanta takardun mutane fiye da 1,200 da aka harba da bindiga mai albarushi a asibitoci uku na Amurka. Ya gano cewa cikin waɗanda aka kai wa hari, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu an sa musu lambar haɗari. In haka ta faru ga harsashi, wanda 'yan sanda ke bin sawunsa, ina ga ƙwayar da kowa ke kira wasan yara? Illar kuwa a fili take. Hukumar da ta ga haɗari ya yi yawa za ta kashe kuɗinta wajen koya wa yara riƙon bindiga, alhali wani kaso na matsalar cin zali ne, maganinsa dabam.

Ba yau aka fara rarraba rauni ta wannan hanya ba, kuma duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya sani. A Risala ta Ibn Abi Zaid an jera raunuka gwargwadon zurfinsu, kowanne da sunansa da diyyarsa. Wanda ya tone har ƙashin kai ya bayyana, raƙuma biyar. Wanda ya farfasa ƙashin har ya gusa, goma sha biyar. Wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa, ko ya shiga cikin ciki, sulusin diyya. Ido ɗaya rabin diyya ne, amma idon mai ido ɗaya cikakkiyar diyya. Sa'an nan a tambayi niyya: ganganci ne ko kuskure? A mashahurin zance na Malikiyya kashi biyu ne, waɗansu mazhabobi kuwa sun ƙara na uku a tsakani, mai kama da ganganci. Manufar ta bambanta, domin alƙali hakki yake fitarwa, asibiti kuwa ƙidaya yake yi. Amma tambayoyin biyu ɗaya ne: me ya sami jiki, da wace niyya? Yaron da ya auna ɗan'uwansa don ya tsorata shi, ba don ya tsiyaye masa ido ba, a wannan tsakiyar yake, kuma malaman fiƙihu da masu kundi duka sun sha wuya a kansa.

6. Abin da harshe ke ɓoyewa

Bari mu saurari yadda Bahaushe zai ba da labarin abu ɗaya:

(a) Ya harbe shi.
(b) An harbe shi.
(c) Harbi ya same shi.
(d) Bindiga ta tashi.
(e) Ta kuɓuce masa.

A jumla ta farko akwai aikau a fili. A ta biyu lamirin "an" ya tabbatar akwai mai aikin, amma ya lulluɓe shi. A ta uku harbin ne ya zama mai tafiya da ƙafarsa. A ta huɗu laifin ya koma kan ƙarfe. A ta biyar mai riƙe da bindigar ya zama abin tausayi shi ma. Ba ƙarya a cikin ko ɗaya, amma kowace tana tura ma'aikacin lamba wata ƙofa dabam, ta huɗun ma tana iya kai shi ga lambar lalacewar bindiga. Ɗalibanmu da suka karanta azuzuwan aikatau bakwai da F. W. Parsons ya tsara a 1960 sun san bambancin "ya fasa ido" da "ido ya fashe": na farko so-karɓau, na biyu ƙi-karɓau. Abin da muke koyarwa a aji kamar wasan nahawu, a bakin gadon asibiti shi ke yanke hukunci.

Sai kalmomin kansu. Muna da haɗari, da kuskure, da sakaci, da ganganci, da tsautsayi, ba kuwa ɗaya suke ba. Kuskure yana da mai shi, ya nufi wani abu ya sami wani. Sakaci rashin kula ne. Ganganci kuwa baki biyu gare shi: a "kisan ganganci" yana nufin niyya, a "tuƙin ganganci" yana nufin wauta da rashin tsoron sakamako. Tafintan da bai lura ba yana iya mai da wawa mai kisan kai, ko ya mai da mai kisan kai wawa.

Tsautsayi ya fi su duka wuyar kamawa, domin ba ya magana a kan niyyar mai harbi ko kaɗan. Magana yake yi a kan wanda abin ya sama, cewa ranarsa ce ta zo, shi ya sa muke cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mutumin da 'yan fashi suka tare a hanya ma mukan ce tsautsayi ne ya fitar da shi, ba mu kuwa nufin 'yan fashin kuskure suka yi. Saboda haka uban nan bai yi mini ƙarya ba. Amsar wata tambaya ya bayar, wadda ba ita likita ya yi ba. Likita yana tambayar yadda aka yi, shi yana faɗin yadda ya ɗauki abin a zuciyarsa. Kalmar haƙuri ce da sulhu, tana da girma a wurinta. Ni ne na ɗauke ta daga wurinta na kai ta inda ba ta da aiki.

Wannan bai tsaya ga Hausawan da ke zaune a Amurka ba. Nijeriya da Nijar duka suna cikin Hukumar Lafiya ta Duniya, kundin nan nasu ne su ma. Majiyyaci a Kano ko Maraɗi da Hausa yake bayani, likita ya rubuta da Turanci ko Faransanci, sa'an nan a mai da rubutun lamba. Fassara biyu ke nan kafin magana ta isa ma'aikatar lafiya, a kowace kuwa ana iya zubar da wani abu a hanya, ko raunin na bindiga ne, ko na mota, ko na wuta.

7. Kammalawa

Shawarwarina uku ne. Ta farko ga mai tafinta da duk ma'aikacin da ke karɓar bayani: in an ce tsautsayi ne, a karɓa da girmamawa, a yi jaje, sa'an nan a ci gaba da tambaya. Wa ke riƙe da ita? Ina ya nuna bakinta? Wace iri ce, mai albarushi ko ta iska? Ita ta lalace ko kunama aka ja? A kuma ba yaro dama ya faɗa da bakinsa.

Ta biyu ga masu shirya kalmomin fannu. A wannan wuri kada mu nemi kalma ɗaya mai daɗin ji. Gara doguwar magana wadda ba ta da baki biyu: "ba da niyya ba", "da niyyar cutar da wani", "da niyyar cutar da kai", "an bincika ba a gano niyya ba". Ita bindigar kuma a kira ta bindigar iska ko mai sifirin, a daina ce mata bindigar wasa, domin sunan da kansa yana sa iyaye sakaci.

Ta uku ga wannan jami'a. Sashen Hausa da tsangayar koyon aikin likita suna cikin harabar makaranta ɗaya, amma da wuya su zauna tebur ɗaya. Ya kamata ɗalibin likita ya sami ko da 'yan sa'o'i ne a kan yadda Bahaushe ke ba da labarin ciwo, ɗalibin Hausa kuma ya san inda fassararsa ke ƙarewa.

Yaron nan yanzu ya zama saurayi. A wani wuri cikin lissafin shekarar 2016 akwai lamba ɗaya da ba daidai ba, da bakina aka sa ta, ba kuma yadda zan yi in gyara. Abin da zan iya shi ne in faɗa muku, don wanda zai tsaya inda na tsaya ya ƙara tambaya ɗaya kafin ya fassara.